Shanyar Gahawar Dattijo Jubran

Duk tsawon shekarun da na yi ina aikin gahawa, babu ranar da ta ƙi barin zuciyata kamar ranar da aka shanya buhun Dattijo Jubran a kan rufin sitonmu na unguwar Al-Sulay a birnin Riyad. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha jin labarin guntu-guntu, wani ya ƙara gishiri, wani ya rage. Na ga ya dace in tsara muku shi yadda ya auku, tun da sauran ƙarfin tunawa a gare ni.

A makarantar mishan na yi karatu, inda malaminmu yakan auna gefen takarda da rula kafin ya duba abin da aka rubuta a cikinta. Daga can na shiga aikin malamin gona, aka tura ni tsaunukan Mambila, na daɗe ina koya wa masu ƙananan gonaki renon itacen gahawa. Bayan na yi ritaya, wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Riyad ya haɗa ni da Abu Fahad, mai wani ƙaramin kamfanin suyar gahawa. Shi ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, a matsayin mai duba inganci. Ma'aikatan sito, mafi yawansu mutanen Maraɗi da Damagaram, suna kirana Baba Malam a gabana, Baba Rula a bayana, domin na gaji halin malamin nan namu. Na sani, ban kuwa taɓa jin haushi ba.

Saboda waɗanda ba su san sana'ar ba, ga yadda abin yake. Gahawa ɗan itace ne da ke nuna ya yi ja, da ƙwaya biyu a cikinsa. Manomi na ƙwarai yakan tsinki nunannu kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su da ɓawonsu a hankali har su bushe, sannan a ɓare. Abin da ya fito shi muke kira ɗanyar gahawa, mai launin kore-kore. Ba a so ta bushe ƙayau. Dole a bar mata ɗan laima, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, domin wannan laimar ce ke riƙe ƙamshinta har ranar suya. In ta yi yawa, fumfuna ta kama. In ta yi kaɗan, ƙwayar ta koɗe, ta riƙa karyewa, bayan 'yan makonni kuma a ji ta a baki kamar an jiƙa kwali. Shi ya sa na'urar sanyi ba ta mutuwa a ɗakin ajiyarmu, buhuna kuma a kan katako suke, a ɗaure. Iskar Riyad ba ta ganin ruwa a jikin abu ta ƙyale shi.

A watan Mayu na shekarata ta shida a wurin, Dattijo Jubran ya zo. Mutumin duwatsun kudu maso yamma ne, can kusa da iyakar Yaman, inda gonaki suke hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse da ke riƙe ƙasarsa. Wasu itatuwansa kakansa ne ya dasa su. Ba ya zuba musu maganin feshi, takin awakinsa yake ba su, a ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi. A daminar da ta gabata ruwa ya rushe katangun hawa na sama, ƙasa ta fara zurarewa daga gindin itatuwa. 'Ya'yansa duk suna aiki a birane, babbansu Salim kuma ya gaya masa a fili cewa ba za su ƙarar da hutunsu da ƙarfinsu wajen ɗora duwatsu ba, saboda amfanin da dillali zai saya ya cakuɗa da na kowa. In an sami mai saye da zai ɗauki gahawar da sunan mahaifinsu, ya kuma yi alkawarin ta baɗi, za su gyara. In ba a samu ba, za su rufe gidan dutse su dawo da shi birni.

Abu Fahad ya samo wata mata mai shagon gahawa a unguwar Al-Suwaidi, wadda take sayar da ta kowane manomi da sunansa. Ta ce buhu biyu take bukata, domin su kai ta har sabon girbi, kuma sai ta ɗanɗana tukuna. Zaɓaɓɓiyar gahawar Jubran ta wannan shekara buhu biyu ce cif. Salim ya tuƙo shi da su tun daga can.

Da yammacin Talata suka iso. Tsoho ne siriri, da kambin ganyen ƙamshi a kansa irin na mutanen ƙasarsu. Da ya nufi ƙofar ɗakin ajiya sai na tare shi, na roƙe shi cikin ladabi ya ajiye kambin a waje, domin ɗanyar gahawa tana shan duk ƙamshin da ya kusance ta. Salim ya ɓata fuska, amma tsohon ya yi dariya, ya cire, ya gaya wa ɗansa cewa yanzu hankalinsa ya kwanta, kayansa sun faɗo hannun mai fitina. Na auna laimar buhunan biyu da na'ura, na tarar da su daidai, kamar da ma'auni aka shanya su. Aka sa ɗanɗano ranar Alhamis da safe.

Muka zauna a kan benci a bakin sito, manyan motoci suna wucewa suna tayar da ƙura, shi kuwa yana ba ni labarin gajimare. Ya ce a wurinsu baƙo ne da ke zuwa bayan la'asar. Daga kwari yake tasowa, ya hau matakalar gonaki a hankali kamar tsohon da ya san hanya, ya zauna a tsakanin itatuwa, ya shiga ɗaki in an bar ƙofa a buɗe. Kana jin ƙararrawar akuyar maƙwabcinka, amma ba ka ganin tafin hannunka. Da safe kowane ganye yana ɗiga, alhali ba a yi ruwa ba. Ya ce 'ya'yan gahawa a irin wannan wuri ba sa gaggawar nuna, kuma abin da bai yi gaggawa ba shi ke tara zaƙi. Ina sauraronsa da ɗan Larabcina, sai na ji sanyin safiyar Mambila a gwiwoyina, da ƙamshin ciyawar da raɓa ta kwana a kai, har na manta cewa a gaban wani garejin gyaran tirela muke zaune.

Ranar Laraba da safe ina da ganin likitan ido a unguwar Al-Shumaisi. Kafin in tafi na kira Lawali, na ce ya buɗe buhu ɗaya a kan teburin tsinta, ya fitar da tsakuwa da karyayyun ƙwayoyi. Lawali mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, ya ba shekara hamsin baya, manomin gyaɗa ne tun tasowarsa. Ban taɓa aiki da mai ƙwazonsa ba. A ɓangaren ɗaure soyayyiyar gahawa ya daɗe, ba a jima da dawo da shi wajen ɗanya ba.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi daga bakinsa. Ya zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ya ji sanyi-sanyi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, bai ji ta fashe yadda busasshen abu ke fashewa ba. A ƙasarsu, gyaɗar da ta yi haka in aka zuba ta a rumbu, asara ce. Tausayin tsohon ya kama shi. Ya saɓi buhun shi kaɗai ya hau da shi rufi, ya share kankaren tsaf, ya shimfiɗa tampol, ya baza gahawar siriri yadda kowace ƙwaya za ta ga rana, ya zauna yana juya ta da hannu. A matsayin shanya, ba ta da aibi ko ɗaya.

Bayan azahar na dawo. An ɗiga mini magani a ido, komai yana ninkaya cikin haske, gine-gine kamar suna narkewa a gefe-gefe. Na tarar da tebur wayam, buhu ɗaya babu. Wani ya nuna mini sama da leɓe. Na hau matakala ina dafa bango. A can, cikin wani farin haske da ya haɗe sama da ƙasa, na hangi wani abu shimfiɗe kamar tafki, da mutum tsugune a bakinsa da tawul a ka.

"Baba Malam, sannu da dawowa," in ji shi, yana murmushi. "Allah ne ya sa na lura. Kayan tsohon ga da sauran ruwa, da sun kwana biyu haka da hunhuna ta cinye su. Taɓa ka ji yanzu, ƙaras-ƙaras, kamar gujiyar bana."

Na ɗebi cikin hannu, ta ƙona mini tafi. Ko da idon da nake da shi a ranar, na ga koren ya tafi, ta yi fari-fari kamar tsohon ƙashi. Na ciji ɗaya, ta watse.

Ba ni da al'adar ɗaga murya, ban kuwa fara a ranar ba. Na ce ya tattara ya saukar da ita inuwa. Muna tsaye a ƙarƙashin matakala na yi masa bayanin da na yi muku a sama. Tawul ɗin ya zame daga kansa bai ɗauka ba. Can ya tambaye ni ko a yayyafa mata ruwa a lulluɓe ta ta kwana. Na ce masa ruwa zai koma, amma abin da ya fita tare da ruwan farko ba ya dawowa.

Abu Fahad ya iso, ya yi faɗan da ya kamaci mai wuri, ya ce asarar buhun a wuyansa take, zai biya tsohon. Amma biya ba ya cika sharaɗin buhu biyu. Da ya huce sai ya ja ni gefe, ya ce, "Ma fi mushkila, ya ammu, ba matsala, baffa. A haɗa buhunan biyu a cakuɗa. Wa zai sani? Taimakon tsohon za mu yi."

Na ce a bar finjali ya yi magana. Muka soya kaɗan-kaɗan kashi uku: mai lafiya, wadda ta sha rana, da haɗin su biyun. Ƙa'ida ta ce a bar abin da aka soya ya kwana kafin a ɗanɗana, amma lokaci bai ba mu ba. Na jera finjali uku ba tare da na faɗi wanne ne wanne ba. Abu Fahad ya gane wadda ta sha rana. Tsakanin mai lafiya da haɗin kuwa, ya kasa. Ni kaina da ƙyar na raba su. Nan wahalar take, domin da a ce haɗin ya fito da muni, da babu abin tunani. Gobe mai shagon za ta sha ta yaba, ta yi alkawari, Salim ya gyara katangu. Sai bayan wata biyu, lokacin da rabin da ya ƙone ya mutu ya ja sauran, kowane kofi da aka miƙa wa mutum da sunan Jubran ya zama ruwan kwali, a ce gahawar dutsen nan ba ta da ƙarko.

Na gaya wa Abu Fahad cewa kayan ba namu ba ne, sunan ma ba namu ba ne, don haka hukuncin ba namu ba ne. A kira mai su.

Kafin magariba suka zo. Na faɗa musu abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba, na kuma shimfiɗa musu hanyoyin biyu da abin da ke ƙarshen kowace. Na zaci Salim zai ce shi ke nan, Allah ya raba gardama. Sai ga shi shi ne ya fi kowa dagewa a cakuɗa. Ya ce duk tsawon hanya mahaifinsa bai yarda an sa buhunan a bayan mota ba, a kujerar baya suka zauna, hannunsa a kansu. Ya ce ba zai mayar da shi gida da wannan labarin ba.

Tsohon ya matso kusa da finjalan. Ya ɗauki finjali na farko ya kurɓa, ya rufe ido ya daɗe. Ya ce wannan daga hawan da ke ƙarƙashin babban ɓaure ta fito, wanda ke fuskantar yamma. Na biyu ya shinshina kawai ya ajiye. Da ya kurɓi haɗin, ya juya shi a baki, ya ce, "Wannan tawa ce, amma ta fara manta ni."

Sannan ya tambayi wanda ya yi shanyar. Aka kira Lawali, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Tsohon ya tambaye shi ko ya share wurin kafin ya baza, ko ya yi ta juyawa, ko ya bar ta ta taru a gefe ɗaya. Ina fassarawa, Lawali yana amsawa da ƙyar. Da ya gama ji, sai ya kama hannun Lawali ya juya tafin yana dubawa.

"Hannun manomi ne," in ji shi. "Ranar ce ba tamu ba."

Ya juya wajen ɗansa ya ce buhu ɗaya za a nuna. Salim ya tuna masa sharaɗin matar, ya tuna masa nasu sharaɗin. Tsohon ya ce, "Ya waladi, ɗana, in na ba ta biyu gobe, baɗi ba za ta neme ni ba. In na ba ta ɗaya, wataƙila."

Alhamis da safe mai shagon ta zo da cokalinta na ɗanɗano a jaka. Ba ta da yawan magana. Ta kurɓa, ta jira ya huce, ta sake kurɓa. Ta ce tana jin zabibi, tana kuma jin wani abu kamar ƙamshin dutse in ruwan farko ya taɓa shi. Tsohon ya dubi ƙasa yana murmushi. Sai ta tambayi buhu na biyu. Abu Fahad ya fara kewaye-kewaye, na nemi izininsa na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta gode, amma buhu ɗaya ba zai kai ta ko'ina ba, ba za ta ɗaure kanta da alkawarin girbi guda a kansa ba. Za ta ɗauke shi, ta sayar da sunansa. In ya riƙe ɗanɗanonsa har kofi na ƙarshe, za ta kira. Iyakar abin da ta ce ke nan.

A bakin mota uba da ɗa suka tsaya. Salim ya ce "wataƙila" ba ta ɗaga dutse, kuma 'yan'uwansa ba za su karɓe ta ba. In aka jira kiran matar, wata damina za ta riga ta, ta kwashe sauran ƙasar. Tsohon ya mayar da kambinsa a ka, wanda ya riga ya yi yaushi.

Sai ga Lawali ya fito daga sito yana goge hannu a wando. Ya roƙe ni in fassara masa. Ya ce hutunsa na zuwa gida ya kusa. A ƙasarsu ma suna jera duwatsu a gona don su tare ruwa, ya san yadda ake zaunar da dutse a kan ɗan'uwansa. In kafilinsa, wato uban gidansa Abu Fahad, ya yarda, a gonar tsohon zai yi hutun yana gyaran katangu. Na tuna masa da Hausa cewa ya kwana biyu bai ga iyalinsa ba.

"Na sani, Baba Malam. Mai ɗakina za ta cinye ni ta waya. Amma ni na ƙone wa mutum shekara guda. Ina zan kai wannan in na je gida?"

Na fassara duka, har da zancen wayar. Abu Fahad ya ce ya yarda. Salim ya daɗe yana kallon makullin motar a hannunsa. A ƙarshe ya ce ba zai yiwu baƙo ya ɗauki dutse a katangar kakansa shi yana zaune a ofis ba, mutanen dutse za su yi da shi har jikokinsa. Ya ce za su gyara hawa na sama a bana, sauran kuma a gani.

Haka aka yi. Lawali ya dawo ya rame, hannuwansa duk sun farfashe, yana ba abokansa labarin ƙasar da ko riga ka shanya sai ka roƙe ta kafin ta bushe. Buhun nan guda ya riƙe kansa har ƙarshe, matar kuma ta kira. Tun daga lokacin gahawar Jubran ba ta fasa zuwa ba, Lawali ne kuma yake karɓar ta a ƙofa.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, ku riƙe shi. Malalaci ba ya ba ni tsoro a sito, domin inda ka bar shi nan za ka tarar da shi, da kayanka. Mai ƙwazo shi ne abin lura, domin yakan zo da ilimin wata gona, ilimi na gaskiya wanda ya ci da iyalinsa, ya zuba shi a inda ba wurinsa ba. Kada ku ba irin wannan mutum umarni kawai. Ku ba shi dalili, ku kuma tambaye shi yadda ake yi a garinsu, tun kafin ya nuna muku. Sannan ku tuna cewa duk buhun da ya shigo ƙofar nan amana ce. Wani ya yi shekara yana hawa da sauka a kansa, mu kuwa hantsi ɗaya ya ishe mu mu kashe shi. In ɓarna ta auku, mai kaya shi ne farkon wanda ya kamata ya ji, kuma shi ke da hukunci.

Tsohon ya sha aiko mini da gayyata in je in ga wurin da idona. Gwiwoyina ba su ba ni dama ba, ba na kuma zaton za su ba ni. Amma waɗanda suka je sun ce katangun suna nan tsaye, ƙasa tana kwance a bayansu, an ma dasa sababbin itatuwa a hawa na sama, waɗanda sai jikokin Salim za su ci moriyarsu sosai.